Al-Jahiz

Abu Usman Amr ibn Bahr (an haife shi wajajen shekarar 776, ya rasu a ƙarshen 868 ko farkon 869), wanda aka fi sani da Al-Jahiz, marubuci ne kuma malami daga birnin Basra na ƙasar Iraƙi a zamanin Daular Abbasiyawa. Ya yi fice da littafinsa Kitab al-Hayawan, wato Littafin Dabbobi, inda ya tattara bayanai a kan ɗabi'un ɗaruruwan halittu, tun daga giwa har zuwa sauro. Laƙabin Al-Jahiz na nufin mai manyan idanu da suka firfito waje.

Farkon rayuwa da karatu

Al-Jahiz ya tashi a gidan talakawa, kuma an ruwaito cewa kakansa baƙar fata ne mai kora raƙuma. Yana yaro ya yi tallan kifi da burodi a bakin wata mashigar ruwa a Basra. Ya riƙa zama a zaurukan karatu na masallacin garin, yana kuma zuwa kasuwar Mirbad domin sauraren Larabawan ƙauye da mawaƙa. Ya ɗauki lugga da adabi a wajen Al-Asma'i da Abu Ubaida da Abu Zaid al-Ansari, sannan ya yi ilimin aƙida a wajen Al-Nazzam, jigo a mazhabar Mu'utazila. Bayan Halifa Ma'amun ya yaba wa rubuce-rubucensa a kan shugabanci, sai ya riƙa zama a Bagadaza, daga baya kuma a Samarra.

Kitab al-Hayawan

Littafin yana da juzu'i 7, kuma Al-Jahiz ya sadaukar da shi ga waziri Ibn al-Zayyat, wanda ya ba shi kyautar dinari 5,000. Manufarsa ita ce nuna hikimar Allah a cikin halitta, yana mai kafa hujja da cewa ƙaramin ƙwaro bai gaza babbar dabba wajen nuna wannan hikima ba. Ya samo bayanansa daga Alƙur'ani da hadisi, da waƙoƙin Larabawa, da fassarar littafin dabbobi na Aristotle, da kuma bakin mafarauta da masu jiragen ruwa da masu kiwon tattabaru.

Ya bayyana yadda tururuwa ke fasa ƙwayar hatsin da ta tara a rami don kada ta tsira, da yadda take fito da ita ta shanya idan ta ji danshi. Ya yi dogon bayani a kan tattabara: yadda namiji da mace ke karɓa-karɓa wajen kwanci, yadda suke ciyar da 'ya'yansu, da yadda ake horar da ita ta komo gida daga wuri mai nisa. Ya ware babban sashe ga muhawara tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara, inda kowanne ya zayyano halayen dabbarsa. Haka kuma ya nuna yadda halittu ke cin juna domin rayuwa, wadda ta ci wata ita ma abincin wata ce, abin da masana kimiyya a yau ke kira sarƙar abinci.

Gwaji da tantance labari

Abin da ya bambanta Al-Jahiz da yawancin marubutan zamaninsa shi ne ƙin karɓar labari ba tare da bincike ba. Mutane na cewa maciji na gudun wani ganye mai ƙarfin wari da Larabawa ke kira sazab. Sai ya zuba ganyen a kan macizai, ya ga bai dame su ba. Ya ƙaryata zancen cewa raƙumin dawa haɗin raƙumi ne da kura da saniyar daji. Ko Aristotle bai tsira ba, domin ya soki wasu maganganunsa da ya ga ba su da hujja. Duk da haka, akwai tatsuniyoyi da kura-kurai a littafin, kuma ba a jera dabbobin rukuni-rukuni ba. Yana tsallake daga wannan batu zuwa wancan da barkwanci don kada mai karatu ya gaji.

Wasu marubutan zamani na ganin ya riga Charles Darwin hango ra'ayin sauyawar halittu, saboda maganarsa a kan tasirin muhalli ga launi da siffa. Wasu masana tarihin kimiyya kuwa na ganin an wuce gona da iri a wannan fassara.

Sauran ayyuka da rasuwa

Cikin littattafansa akwai Al-Bayan wa al-Tabyin a kan fasahar magana, da Al-Bukhala a kan marowata, da Fakhr al-Sudan ala al-Bidan, inda ya zayyano abubuwan alfahari na baƙar fata. A ƙarshen rayuwarsa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ya koma Basra, inda ya rasu a watan Muharram na shekarar 255 bayan Hijira. Akwai ruwayar da ta shahara cewa tarin littattafai ne suka rufto masa.

Al-Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya ciro abubuwa da dama daga gare shi a littafinsa Hayat al-Hayawan. Abdussalam Harun ya tace Kitab al-Hayawan, aka buga shi a Alƙahira tun daga 1938, kuma akwai wani tsohon kwafi mai zane-zanen dabbobi a ɗakin karatu na Ambrosiana da ke Milan a Italiya.