Henri Mignet, mai "Kwarkwatar Sama": jirgin talaka da aibin da ya ɓuya a fukafukansa

Kafin shekarun 1930, tuƙin jirgin sama a Turai harka ce ta sojoji da 'ya'yan masu hannu da shuni. Mutumin da ya fi kowa shawo kan kafinta da makanike da malamin makaranta cewa su ma za su iya haɗa nasu jirgin a bayan gida, har suka ɗauki zarto da guduma, wani Bafaranshe ne mai suna Henri Mignet. Jirginsa ya yi farin jini cikin ƙiftawar ido, ya hallaka mutane a ƙasashe daban-daban, hukumomi suka hana shi tashi, aka gano aibinsa aka gyara, amma sunansa bai sake wankuwa a idon jama'a ba. Dukkan wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato yadda matuƙi yake ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi.

An haifi Mignet ranar 19 ga Oktoba, 1893, a yankin Charente-Maritime da ke yammacin Faransa. Sana'ar da ya koya ta rediyo ce, kuma da ita ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a asibiti a 1918. Amma zuciyarsa tana sama tun yana saurayi. A 1912 ya haɗa jirginsa na farko, marar inji, bayan yaƙi kuma ya yi ta haɗa wasu ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowanne lamba tare da haruffan sunansa, HM. Yawancinsu ba su kai ko'ina ba. Akwai lokacin da kuɗi suka yanke masa har ya koma kiwon kaji don ya samu na sayen katako da gam. A 1928 ya fito da HM.8, ƙaramin jirgi mai tsari irin na kowa, ya yi bayaninsa a mujallar Les Ailes, daga bisani ya fitar da littafi kan yadda ya haɗa shi, wasu suka bi sawunsa suka haɗa nasu.

Matsalar Mignet ita ce shi kansa tuƙin bai zauna masa a hannu ba. Jirgi irin na kowa yana da abubuwan sarrafawa uku. A jelarsa akwai allo a kwance mai leɓe a bayansa. Idan matuƙi ya jawo sandar tuƙi zuwa ƙirjinsa, leɓen ya ɗaga, iska ta danne jelar, hanci ya yi sama. Akwai kuma allo a tsaye wanda ake juyawa da ƙafafu, shi ke karkatar da hanci dama ko hagu. Sannan a bakin kowane fiffike akwai ɗan leɓe da ke jirkita jirgin gefe. Dole hannu da ƙafa su yi aiki tare, kuma wanda ya kuskure a kusa da ƙasa, ya bar gudu ya ragu har fiffike ya daina ɗaukar nauyi, jirgin yakan faɗi yana juyawa kamar ganye. Wannan faɗuwa ce ta fi cin rayukan sababbin matuƙa a wancan zamani. Mignet ya yanke hukuncin cewa laifin na jirgin ne, kuma maimakon a wahalar da mutum da koyon abu mai wuya, gara a sauƙaƙa abin.

Ya kafa tanti a wani daji kusa da garin Soissons, ya shafe watanni yana gwaji, yana faɗuwa, yana gyarawa. Abin da ya fito da shi, HM.14, ya tashi a karon farko ranar 10 ga Satumba, 1933, da injin babur ƙirar Aubier-Dunne mai ƙarfin doki 17. Jirgi ne na mutum ɗaya, na katako da yadi, mai fukafukai biyu, ɗaya a gaba sama da kan matuƙi, ɗaya a baya ƙasa-ƙasa, kusan a manne da juna. Babu allon jela na kwance ko leɓensa, babu leɓunan gefe, babu abin takawa da ƙafa. Sanda guda ce ke yin komai. In an karkata ta gefe, sai ta juya babban allon tsaye na jela, jirgin ya jirkita da kansa ya sha kwana. In an jawo ta baya, sai wata wayar ƙarfe ta jawo bayan fiffiken gaba ƙasa, domin fiffiken gaba ɗayansa yana lilo ne a kan wani mahaɗi, sai ya ƙara cin iska, hanci ya ɗaga. In an saki sandar gaba, iska da kanta ke mayar da bayan fiffiken sama. Matuƙi yana jin nauyin iskar a tafin hannunsa, kamar mahayi da linzami, kuma Mignet yana alfahari da wannan ƙwarai.

Sunan da jirgin ya samu shi ne Pou du Ciel, wato kwarkwatar sama, domin Faransawa sun riga sun laƙaba wa motar Ford Model T sunan kwarkwatar hanya saboda yadda ta cika ko'ina. Turawan Ingila, da suka ga kwarkwata ta yi musu nauyi a baki, sai suka mayar da ita ƙuma mai tashi. A ƙarshen 1934 Mignet ya wallafa littafinsa Le Sport de l'Air, ya kuma baje jirgin a babban bikin nuna jiragen sama na Paris. Littafin ya ƙunshi zane da awo da jerin kayan aiki, haɗe da hira da barkwanci da zuga, kuma jigonsa shi ne duk wanda ya iya buga ƙusa ya haɗa akwatin katako zai iya haɗa jirgi. Jama'a suka karɓa hannu bibbiyu. Ƙungiyar Air League ta Ingila ta fassara littafin, a watan Yulin 1935 Stephen Appleby ya tashi da na farko da aka haɗa a ƙasar, ranar 13 ga Agusta kuma Mignet da kansa ya tsallaka mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila, daga Saint-Inglevert zuwa Lympne. Ɗaruruwan mutane suka dukufa a gareji da ɗakunan ajiya suna feƙe katako. Da yawa daga cikin jiragen ba su taɓa rabuwa da ƙasa ba, saboda rashin ƙarfin inji ko rashin iya aiki, kuma daga baya ta bayyana cewa masu su sun yi sa'a.

Kwana shida bayan tsallaka tekun, ranar 19 ga Agusta, 1935, wani matuƙi ya rasu a Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Faransa. A Satumba aka yi irinsa a Marseille, a Nuwamba a Caen. A 1936 abin ya isa Birtaniya: Renfrew a Afrilu, Penshurst da Digby a Mayu, Dyce a Satumba. Wanda ya mutu a Penshurst shi ne hafsan da Air League ta ɗora wa aikin gwada waɗannan jirage, na Digby ma hafsan sojan sama ne. Hakan ya rushe bayanin da ya fi sauƙi, na cewa 'yan koyo ne ke kashe kansu da ganganci. Labarin shaidu kuma iri ɗaya ne a kusan ko'ina: jirgi ya sunkuyar da hanci kaɗan, sunkuyon ya yi ta ƙaruwa, har ya doshi ƙasa a tsaye ko ya kife a bayansa.

Aljeriya da Suwizalan suka fara hana shi tashi. A watan Yunin 1936 Faransa ta dakatar da shi, aka ɗauki jirgi sukutum aka sa a babban zauren gwaji da iska na Chalais-Meudon, inda ake hura iska a kan jirgi a tsaye ana auna yadda take tura shi. Cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila ta yi irin wannan gwaji daga Agusta, rahotonta ya fito a Oktoba, ya kuma gaskata na Faransa. Abin da suka gano shi ne, idan hanci ya sunkuya ya wuce wani mizani, duk iya jan da matuƙi zai yi wa sanda ba zai isa ya ɗago shi ba. Dalilin yana cikin kusancin fukafukan biyu. Jan sandar yana saukar da bayan fiffiken gaba zuwa kusa da gaban fiffiken baya, ratar da ke tsakaninsu ta ƙuntata, iska ta bi ta cikinta da ƙarin gudu ta zuba a kan fiffiken baya, shi kuma ya ƙara ɗagawa. Bayan jirgi in ya ɗaga, hanci ƙasa yake yi. Wato abin da matuƙi yake yi don ya tsira shi ne yake ƙara tura shi ga ajali, kuma tsoro zai sa ya ƙara ja.

A nan aka fahimci abin da ya sa har ƙwararru suka faɗa tarkon. An horar da su cewa in za su sauka su sunkuyar da hanci su tara gudu, sa'annan su ja sanda daf da ƙasa. Mignet bai saba yin haka ba, kuma ɗan injinsa ba ya kai shi gudun da aibin ke bayyana. Mabiyansa kuwa sun ɗora injuna masu ƙarfi, wasu na mota, wasu kuma nauyin jirginsu ya koma baya fiye da kima. Ita ma wayar tana da nata kason. Waya ja kawai ta sani, ba ta turawa. Muddin iska tana ɗaga bayan fiffiken, wayar tana miƙe, amma da zarar jirgi ya kife iska ta juya, sai ta yi sako-sako, sandar ta zama hoto a hannun matuƙi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba da zarar an san ciwon. Aka nesanta fukafukan don kada ɗaya ya hau kan ɗaya, aka canja siffar lanƙwasarsu, aka ƙayyade inda nauyin jirgi zai zauna, aka kuma cire waya aka sa sandunan ƙarfe masu ja da turawa. Injiniya L. E. Baynes na Ingila yana cikin waɗanda suka fara amfani da sandunan a irin nasa samfurin. Ma'aikatar jiragen sama ta Birtaniya ta daina sabunta takardar izinin tashi ga duk jirgin da ba a yi masa gyaran da aka amince da shi ba, sai dai kaɗan ne suka damu su yi. Jaridun da suka yi ta yayata jirgin su ne suka yi ta yayata gawawwakin, kuma matan aure da iyaye sun riga sun yanke nasu hukuncin.

Adalci ga Mignet shi ne a ce faɗuwar da ya tashi kawarwa ya kawar da ita, domin jirginsa ba ya yin juyin ganyen nan. Laifinsa shi ne ya miƙa wa dubban mutane zanen da bai gwada shi a kowane gudu da kowane nauyi ba, da murya mai cike da tabbaci, alhali a jirginsa dukkan ran matuƙi yana rataye a kan mahaɗi ɗaya da waya ɗaya. Masu haɗa jirgi a gida har gobe a nan suke fi sa ido, ko jirginsu na Mignet ne ko mai jela irin ta kowa. Ramin da ƙusar mahaɗi ke juyawa a ciki yakan ci da shekaru ya zama kamar ƙwai, leɓen jela ya fara girgiɗi, kuma girgiɗin da yatsa ke ji a ƙasa yana iya zama kaɗawa mai karya jela a sama. Maganinsa a faɗaɗa ramin daidai, a dasa zoben da makanikai ke kira bushin, a sa sabuwar ƙusa, a kulle notinta da fil ko waya don kada ya warware. Wayoyin kuma akan bi su da tsumma, musamman inda suke lanƙwasa a kan 'yan tayoyinsu. In tsumman ya maƙale, silin waya ya tsinke, kuma ba a ɗinke ta, canja ta ake yi.

Mignet bai ajiye zarto ba. A 1937 ya tafi Chicago ta Amurka ya kafa kamfani tare da wasu, abin bai yi albarka ba, ya komo gida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara HM.280, ƙaramin jirgi mai naɗe fukafukai don aikin soja. A ƙarshen 1944 aka kashe matarsa Annette, wadda ya aura a 1926 ta kuma jure shekarun talauci da tanti tare da shi. Bayan yaƙin ya fitar da zanen HM.290, sa'annan ya shiga yawon duniya, daga Ajantina zuwa Birazil, zuwa Japan, zuwa Maroko, ko'ina yana neman wanda zai zuba jari a jirgin talaka, ko'ina yana barin sabon samfuri a baya. Babu ɗaya da ya kai ga babbar masana'anta.

Ya rasu a Pessac, kusa da Bordeaux, ranar 31 ga Agusta, 1965, yana da shekara 71. Ƙungiyar masu haɗa jirgi a gida ta Faransa, Réseau du Sport de l'Air, tana ɗauke da suna irin na littafinsa, kuma ana ci gaba da haɗa HM.293 da HM.360, jikokin Kwarkwatar da aka gyara, a Faransa da wasu ƙasashe. Su kuwa HM.14 na asali da suka tsira, yawancinsu suna gidajen tarihi, ciki har da wanda ke gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget a wajen Paris.