Muryeong, Sarkin da Kabarinsa Ya Kuɓuta Daga Ɓarayi

Muryeong ya hau gadon sarautar Baekje, a kudu maso yammacin Koriya, a shekarar 501, daular na jinyar rashin babban birninta da Goguryeo ta ƙwace a 475. Ya farfaɗo da ita, ya ƙulla zumunci da daular Liang ta Sin, ya rasu a 523.

Kabarinsa da ke Gongju ya tsira daga wawason zamanin mulkin mallakar Japan. A 1971 masu aikin magudanar ruwa suka gano shi, ɗauke da dubban duwatsun ado na gilashi, wasu daga kudancin Asiya, shaidar nisan fataucin daularsa. Sai dai cikin dare guda aka kwashe kayan, gaggawar da masana ke takaicinta har yau.