Andreas Gruentzig, Likitan Da Ya Buɗe Jijiyar Zuciya Ba Tare Da Tsaga Ƙirji Ba

A kowace shekara, daga cikin alhazan da kan sauka a birnin Jidda, akan sami waɗanda bugun zuciya ke kayarwa, a garzaya da su asibiti a buɗe musu jijiyar da ta toshe, wasu har su ƙarasa aikin Hajjinsu. Wannan dabara ta samo asali ne daga wani likita Bajamushe, wato Andreas Gruentzig.

An haife shi a birnin Dresden ran 25 ga watan Yunin 1939. Mahaifinsa ya ɓace a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan ya bar Jamus ta Gabas, ya karanta likitanci a Heidelberg, kana a 1969 ya kama aiki a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan.

A wancan zamani, idan kitse ya cushe jijiyar da ke shayar da zuciya jini, magani kuma ya gaza, babu makawa sai a tsaga ƙirji. Shi kuwa Gruentzig sai ya yi tunanin zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa wurin cushewar, a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa, hanya ta buɗe. A kan teburin madafar gidansa ya riƙa haɗa bututun da maraice.

Da ya gabatar da gwajinsa kan karnuka a birnin Miami na Amurka a 1976, manyan likitoci sun yi masa kallon tababa. Amma ran 16 ga watan Satumban 1977, a Zurich, ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum mai shekara 38, idonsa biyu. Shekara goma bayan haka aka duba, jijiyar tana nan a buɗe.

A 1980 ya koma Jami'ar Emory da ke Atlanta. Ran 27 ga watan Oktoban 1985 jirgin saman da yake tuƙawa ya faɗi a jihar Jojiya, ya rasu tare da matarsa, yana da shekara 46.

Bai ga cikar aikinsa ba. A 1986 aka fara dasa 'yar ragar ƙarfe mai tokare jijiya, a 1993 kuma bincike ya nuna dabarar ta fi allurar narkar da gudan jini ceton mai bugun zuciya. Sharaɗin dai shi ne gaggawa, domin naman zuciyar da ya mutu don rashin jini ba ya farfaɗowa.