Ibnu Yunus, Mai Tsaron Lokaci a Masar

Daga cikin malaman da suka yi wa ilimin falaki hidima akwai Abul Hasan Aliyu ɗan Abdurrahman, wanda aka fi sani da Ibnu Yunus, Allah ya jiƙan shi. An haife shi a Fustat ta ƙasar Masar wajajen shekara ta 950 miladiyya, a gidan malanta. Mahaifinsa masanin hadisi ne da tarihin Masar, kakansa na sama kuwa, Yunus ɗan Abdul A'ala, almajirin Imamu Shafi'i ne.

Tun daga 977, a zamanin sarki Al-Aziz, ya duƙufa ga duban sama har fiye da shekara 25. Sakamakon wannan wahala shi ne babban littafinsa, Zijul Hakimi, wanda ya jingina ga sunan sarki Al-Hakim. Ya kuma tsara jadawalin lokutan salla bisa tsayin rana, aikin da masu tsaron lokaci a masallatan Alƙahira suka daɗe suna dogara gare shi.

Abin da ya fifita shi, tsantseni ne. A zamaninsa babu agogon da za a amince da shi, babu madubin hangen nesa. Saboda haka in rana ko wata ya yi husufi, sai ya auna tsayin rana ko na wani sanannen tauraro a farkon kamun da ƙarshensa, daga nan lissafi ya fitar da sa'a. Haka ya rubuta husufin ranar da aka gani a Alƙahira a 977 da 978, ya kuma adana abin da magabata suka auna a Bagadaza.

Ya rasu a shekara ta 399 hijiriyya, daidai da 1009. A 1878 Ba'amurke Simon Newcomb ya koma ga waɗannan ma'aunai don binciken tafiyar wata. Masana na baya sun haɗa su da wasu, suka tabbatar cewa juyawar duniya tana raguwa sannu a hankali.

Wannan tafarki bai mutu ba. Har yau akwai masu sha'awar taurari da ke kwana a fili, suna jiran wani dutsen samaniya ya gitta gaban tauraro ya rufe haskensa na ƴan daƙiƙu. In aka tattara lokutan da aka rubuta a garuruwa dabam-dabam, sai girman dutsen da siffarsa su bayyana. An yi irin wannan aiki a Senegal a 2018.

Ma'aunin da aka rubuta da amana yakan amfani jama'a bayan shekara dubu. Allah ya sa mu dace.