Alhassan Ɗantata da Sanin Darajar Kaya

Da na fara koyon sayen hannun jari, na zaci sai a littafin Benjamin Graham na 1949 zan fahimci bambancin farashi da daraja. Ashe darasin yana gida.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ya tashi maraya, ya yi almajiranci, ya yi fataucin goro daga Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya hango makomar gyaɗa, wadda har mu a Kaugama muke nomawa, ya zuba dukiyarsa, ya yi haƙuri. Ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Ya kai mai gaggawar riba, san kaya kafin ka taya.