Sarkin Musulmi Bello da Likitan da Bai Iso Ba

Ƙanena yana aji huɗu na firamare, a ƙauyenmu da ke ƙasar Wurno, aka gama yanke hukunci a kansa cewa daƙiƙi ne. Ba ya iya kwafar abin da ke kan allo, kullum yana leƙen littafin na kusa da shi, kullum yana shan bulala. Mu ma a gida mun yarda. Sai hutun bara da na zo da shi Sakkwato aka gwada idonsa, ashe yaron nan ba ya hangen nesa ne kawai. Tabarau aka ba shi, shi ke nan. Shekara huɗu na duka a kan abin da aka gano cikin minti biyar.

A hanyar komawa muka biya ta hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno. Wani dattijo ya ga yaro da sabon tabarau, ya tambaya, na ba shi labari. Shi ne ya gaya mini cewa wanda ke kwance a wurin nan ya rubuta littafi sukutum a kan ciwon ido. Wallahi kunya ta kama ni. Tun firamare nake haddace sunan Bello don jarrabawa, ban taɓa jin wannan ba.

Abin da aka koya mana dai kun san shi. An haife shi a 1781, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana da shekara 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, wato kusan sa'anmu ne mu da ke kukan furojet a yau. Yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya gaji mahaifinsa a 1817, ya yi shekara 20 yana mulki.

Abin da ba a koya mana ba shi ne, a tsakanin yaƙi da shari'a da amsa wasiƙun sarakuna, mutumin nan yana zama ya yi rubutu a kan cuta. Ban da na ido, yana da rubutu a kan basir, da ciwon ƙoda, da amfanin filasko, da kuma taƙaitawar abin da magabata suka tara na maganin Annabi (SAW). Ku duba jerin nan da kyau. Ba cututtukan fada ba ne. Ciwon ido da basir da ciwon ciki su ne abin da ke damun manomi da makiyayi da almajiri, kuma filasko ganye ne da ke fitowa a bayan gari, ba sai an jira ayari daga Masar ba. Mai son ganin irin waɗannan rubuce-rubuce na shugabannin jihadi ya leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, nan cikin gari take, kuɗin keke napep ɗaya ne.

Kada wani ya ce na ce a bar asibiti a koma filasko. Maganin zamaninsa ne, na ganye da ƙaho da addu'a, babu madubin ganin ƙwayar cuta, babu allurar rigakafi. Kuma da Larabci ya rubuta, sai malami ya karanta ya fassara wa jama'a. Abin da ya ja hankalina shi ne inda tunaninsa ya fuskanta.

An fi ganin haka a Usulus Siyasa, littafin nasiha da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya lissafa masu sana'ar da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sa masu magani a cikinsu. Sannan ya ɗora wa shugaba nauyin raba su zuwa kowane ƙauye da kowane yanki. A ganinsa ke nan, ƙauyen da ba shi da mai magani kamar ƙauyen da ba shi da maƙeri ne, kuma laifin na mai mulki ne, ba na ƙauyawa ba. Shi da kansa bai lafe a birni ba. Ya kakkafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya ja makiyaya su zauna, kuma ya yi yawancin ƙarshen rayuwarsa a Wurno.

Sai labarin Bature. A watan Maris na 1824 wani ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u. Likitan da suka taso tare, Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Mutumin da ya rubuta littattafan magani da hannunsa bai ji girman kai ya nemi ilimin wani ba. Da Clapperton ya sake tasowa a 1825, ta bakin teku, akwai likitoci biyu a tawagarsa. Ɗaya ya mutu a ƙasar Yarbawa, ɗayan ya bi ta Dahome ba a sake ganinsa ba. Zuwan na biyu ma bai yi daɗi ba, don ana yaƙi da Barno, Bello kuma ya hana shi wucewa da kayan da ya ɗauko wa Shehun Barno. Shi kansa Clapperton ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827. Bello ya rasu a Wurno a 1837, likitan bai iso ba.

Yau likitoci sun iso, amma birni suka iso. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna da asibitin yara masu ciwon noma da aka buɗe a 1999, ciwon da ke cinye fuskar yaran da yunwa ta raunana, wanda sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ku je ku tambayi iyayen da ke zaune a harabar daga ina suka fito, za ku ji sunayen ƙauyukan da ba ku taɓa ji ba. A garinmu kuwa yaran da ke wanka a fadama suna fitsarin jini, har wasu na ɗaukar tsargiya alamar balaga ce, alhali ƙwayar praziquantel ke maganinta.

Gwajin da ya ceci ƙanena ba ya bukatar likita a matakin farko. Allo ne mai harafin E, a tsayar da yaro nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Wanda ya kasa, a rubuta sunansa a tura shi asibiti. Na riga na miƙa takarda ga shugabannin ƙungiyarmu cewa a makon ɗalibai na bana a ware yini ɗaya, mu nemi rakiyar ma'aikacin lafiya, mu je firamare biyu a wajen gari. Allon yana wurina. Mota da mutum goma nake nema.