Dokta Harvey Cushing, Likitan Da Ya Buɗe Hanyar Gano Ƙari A Ƙwaƙwalwa

A farkon ƙarni na 20, in likita ya ce da mutum yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, to, kusan daidai yake da a ce masa ya yi sallama da iyalinsa. Dalili kuwa shi ne ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba a ganin abin da ke ciki, ba a kuma iya lalubawa da hannu kamar yadda a kan lalubi ciki. Sau da yawa sai a buɗe kan majinyaci a nemi ƙarin a rasa, sai bayan ya cika a tarar ashe yana wani gefe dabam. A asibitoci da yawa na wancan zamani, rabin waɗanda aka yi wa irin wannan fiɗa, ko ma fiye, ba su tashi. Mutumin da ya fi kowa aikin sauya wannan hali shi ne Dokta Harvey Cushing na ƙasar Amurka.

An haife shi ran 8 ga watan Afrilu, 1869, a birnin Cleveland cikin Jihar Ohio. Shi ne auta cikin 'ya'ya 10, likitanci kuwa gādo ne a gidansu, gama ubansa da kakansa da kakan ubansa duk likitoci ne. Ya gama Jami'ar Yale cikin 1891, sa'an nan ya shiga makarantar likitoci ta Harvard, ya fito cikin 1895.

Tun yana ɗalibi wani abu ya same shi wanda ya bi shi har ƙarshen ransa. A lokacin ɗalibai a kan sa su shaƙa wa majinyaci maganin barci kafin a yi masa fiɗa. Ran nan aka ba shi wannan aiki, majinyacin ya mutu a hannunsa. Abin ya girgiza shi ƙwarai har ya yi tunanin barin karatun. Amma maimakon haka sai shi da abokinsa Amory Codman suka fito da wata takarda wadda a ke rubuta bugun zuciya da numfashin majinyaci a kai a kai muddin ana aiki, don a ga alamar haɗari tun bai auku ba. Irin wannan takarda har yau ana cika ta a kowane ɗakin tiyata.

Cikin 1896 ya koma asibitin Johns Hopkins a Baltimore, ya zama yaron babban likitan fiɗa William Halsted, wanda ya koya masa aiki a tsanake, da tsare jini, da taɓa naman mutum a hankali. Shekara guda ke nan da Bajamushen nan Röntgen ya gano hoton eksire. Cushing bai yi wata-wata ba ya gwada shi a kan wata mace da aka harba da bindiga, hoton ya nuna harsashin maƙale a ƙashin wuyanta. Amma fa eksire ƙashi da ƙarfe ya ke nunawa sosai. Ƙari kuwa tsoka ce mai taushi cikin ƙwaƙwalwa mai taushi, galibi ba ya fitowa a hoton.

Daga 1900 zuwa 1901 ya yi yawon neman ilmi a Turai. A birnin Bern na Suwizalan, wajen Farfesa Kocher, ya nuna ta hanyar gwaji a kan dabbobi cewa in matsi ya yi yawa cikin ƙoƙon kai, jini ya kan hau don ya samu isa ƙwaƙwalwa. Likitoci har gobe suna kiran wannan alama da sunansa. A Italiya kuma ya ga na'urar awon hawan jini ta Riva-Rocci, ya komo da ita gida, ya dage sai an riƙa amfani da ita lokacin fiɗa.

Bai daɗe da komowa ba aka kawo masa wata yarinya 'yar shekara 14, tana fama da ciwon kai, ganinta yana raguwa, ga ƙiba, ga shi jikinta bai nuna alamar balaga ba. Sau uku yana yi mata aiki bai ga ƙarin ba, har ta rasu. Da aka binciki gawar sai aka iske ƙarin a wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari. Wannan kuskure ya ci masa rai, shi ne ma ya sa ya duƙufa kan binciken wannan halitta har ya fitar da littafi sukutum a kanta cikin 1912. Cikin 1902 kuma wani ƙari da ya cire ya ɓace a ɗakin bincike kafin a duba shi. Daga ran nan ya sha alwashin duk abin da ya ciro daga kan mutum shi zai adana da kansa, a kwalba, da suna da kwanan wata da cikakken labarin mai shi.

To, yaya ya ke gane inda ƙari ya ke alhali ba ya ganinsa? Da farko tambaya. Ya kan zauna da majinyaci da danginsa ya bi labarin ciwon tun daga tushe, watau wace alama ce ta fara, wace ce ta biyo, kuma wata nawa tsakaninsu. Sa'an nan ya leƙa cikin ido da 'yar fitila, domin in matsi ya yi yawa a kai, bakin jijiyar gani ya kan kumbura. Bayan haka a auna faɗin ganin kowane ido a zana a takarda. In mutum ya daina ganin abin da ke gefen waje a idanunsa duka biyu, kamar dokin da aka rufe wa gefen ido, to, ƙarin yana danne mahaɗar jijiyoyin gani, daidai saman fituwitari. A littafinsa na 1917 ya nuna ƙarin jijiyar ji ya kan fara da ƙara a kunne ɗaya da kurumcewarsa, daga baya tangaɗi ya biyo. Haka kuma lakar gadon baya: in ƙafafu suka mutu, jiki kuma ya daina jin taɓi daga wani wuri zuwa ƙasa, wannan iyaka ita ke nuna gaɓar da ƙarin ya danne. Da irin wannan lissafi ne Gowers da Horsley suka gano ƙari a lakar wani mutum suka cire a Landan cikin 1887, mutumin ya miƙe ya yi tafiya.

Sunansa ya fito sarari cikin 1910, sa'ad da ya cire wani babban ƙari daga kan Janar Leonard Wood, wanda ya warke ya shugabanci sojan ƙasa na Amurka. Bayan shekara biyu Harvard ta ba shi kujerar farfesan fiɗa, ya koma Boston, sabon asibitin Peter Bent Brigham. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi Faransa yana yi wa sojojin da aka harba a kai aiki, ya komo da ciwon jijiyoyin ƙafa wanda bai rabu da shi sarai ba.

Yana can bakin daga wani tsohon yaronsa, Walter Dandy, ya fito da wata dabara cikin 1918. A kan huda ƙoƙon kai a zuƙe ruwan da ke cikin ramukan ƙwaƙwalwa, a ɗura iska a madadinsa, sa'an nan a ɗauki eksire. Iska tana fitowa a hoto, saboda haka in ƙari ya ture ramin gefe guda sai a gani. Cushing ya daɗe yana ɗari-ɗari da wannan hanya, don tana da haɗari, don kuma yana tsoron likitoci su bar duba majinyaci su dogara da hoto. Ga shi kuma dā ma ba su ga maciji da Dandy. A nan tarihi ya ba Dandy gaskiya, gama an yi shekara 50 ana aiki da dabararsa.

Kwalaben nan da ya yi ta tarawa su suka haifi babban aikinsa. Shi da Percival Bailey suka bi ɗaruruwan ƙari ɗaya bayan ɗaya a madubin likita, suka gwada kamannin kowanne da tsawon kwanakin da mai shi ya yi bayan fiɗa. Cikin 1926 suka fitar da littafin da ya kasa ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri, ya nuna wanda ke kisa cikin 'yan watanni da wanda mutum kan yi shekaru da shi. Wata mace mai suna Louise Eisenhardt, wadda ta fara aiki da shi a matsayin mai taya shi shirya rubutu cikin 1915, daga baya ta zama likita, ita ke riƙe da littafin lissafi. Ana bin majinyatan da wasiƙa shekara-shekara don a san halin da su ke ciki, duk wanda ya mutu kuma a rubuta, ko da mutuwar za ta ɓata lissafin maigidan.

Babban abin da ke kashe mutane a teburin fiɗa shi ne zubar jini. Cikin 1911 ya fito da 'yan ƙananan maƙalai na azurfa don matse jijiyoyi, cikin 1926 kuma ya fara aiki da wuƙar lantarki ta William Bovie mai yanka tana ƙona bakin jijiya. Ran 15 ga watan Afrilu, 1931, ya yi aiki a kan ƙari na 2,000 da aka tabbatar a madubi. A shekarunsa na ƙarshe, waɗanda ke mutuwa a hannunsa ba su kai 10 cikin 100 ba.

Duk da haka ba mutum ne mai daɗin zama ba ga yaransa. Yana da faɗa da baƙar magana a ɗakin tiyata, iyalinsa kuma ba su cika ganinsa ba. Cikin 1926 aka kawo masa labarin ɗansa William ya mutu a haɗarin mota, sai da ya gama aikin da ya shirya yi ran nan kana ya tafi. Cikin 1927 ƙarin Janar Wood ya dawo, ya sāke yi masa aiki, Janar ɗin ya rasu, abin ya dame shi ƙwarai. Amma majinyata suna sonsa, don shi da kansa ya kan duba raunukansu ya sauya musu bandeji.

Cikin 1932 ya bayyana cutar nan da a ke kira da sunansa, wadda wani ɗan mitsitsin ƙari a fituwitari ke jawowa, fuska ta kumbura, jiki ya yi ƙiba, jini ya hau. A shekarar ya ajiye wuƙa, ya koma Yale cikin 1933, kwalabensa kuma suka biyo shi daga baya. Ya rasu ran 7 ga watan Oktoba, 1939, a New Haven, sanadiyyar ciwon zuciya, yana da shekara 70. Da aka binciki gawarsa sai aka tarar da wani ɗan ƙullutu a ramin tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, wanda ba wanda ya san da shi.

Cikin 1971 aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti sikan a Landan, daga baya em-ar-ai ta biyo, aka huta da ɗura iska. Wannan fanni ya iso Nijeriya cikin 1962, sa'ad da Dokta Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin jami'a da ke Badun. Amma kafin a kai ga kowace na'ura, alamun da Cushing ke tambaya su likita ke tambaya har yanzu: ciwon kai mai ƙaruwa kullum, musamman da asuba tare da amai, raguwar gani, farfaɗiyar da ta fara wa babba, kurumcewar kunne ɗaya, ko mutuwar ƙafafu sannu a hankali. Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne. Amma wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ko a jikin ɗan'uwansa, kada ya jira sai ya je gida da Salla, ya nufi babban asibiti tun idon yana gani, gama jijiyar ganin da ta riga ta mutu ba fiɗar da ke tā da ita.